Cregneash da gaɓar kudancin Tsibirin Man: abin da tsofaffin wurin ke kewa

Wata malama ta rubuto mini cewa ta ga hotunan wani ƙauye mai fararen ɗakuna da jinkar ciyawa a kan tudu kusa da teku, aka ce mata sunansa Cregneash, a Tsibirin Man. Tambayarta biyu ce. Shin ƙauyen gaske ne, ko an gina shi ne don masu yawon buɗe ido? Sannan me ya sa duk abin da ta karanta daga bakin mutanen yankin begen zamanin da ne, alhali ita a hoton ba ta ga komai ba sai alamun talauci?

Malama, sannu da ƙoƙari. Ƙauyen na gaske ne, talaucin da kika hango shi ma na gaske ne. Tambayarki ta biyu ce ke buƙatar zama, don haka ki yi haƙuri da tsawon amsar. Na daɗe ina bin tarihin wannan kusurwa ta tsibirin saboda harshensu, na kuma taka hanyar da ta tashi daga Port St Mary zuwa bakin teku da ƙafata ba sau ɗaya ba. Abin da zan gaya miki wani daga takardu ne, wani kuma gani na yi.

Tsibirin Man yana tsakiyar tekun da ya raba Birtaniya da Ailan. Tsawonsa kilomita 50 da ɗoriya, faɗinsa kimanin 22, mutanensa kimanin 84,000 a ƙidayar 2021. Yana ƙarƙashin sarautar Birtaniya, amma dokokinsa na cikin gida majalisarsa ce ke yi, wato Tynwald, wadda ta faro tun zamanin da mutanen Norwe suka mulki tsibirin. Da harshensu na Manks, Ellan Vannin suke ce masa. Cregneash tana can ƙuryar kudu maso yamma, inda ƙasa ta ƙare. Daga Port St Mary, garin masunta da ke gindin tudu, hawa ne na kilomita biyu zuwa uku. Idan kika wuce ƙauyen kika gangara, za ki tarar da wani siririn mashigi mai ƙarfin ruwa da suke kira Sound, a tsallakensa kuma ga ɗan tsibirin Calf of Man. Itatuwa ba su cika tsayawa a wannan tudu ba. Iska ce mai gari a wurin.

Ita ce ma ta tsara ɗakunan da kika gani. Gajeru ne, da bangon dutse mai kauri da ƙananan tagogi, an shafe su da farar ƙasa. Jinkar kuwa an rufe ta da ragar igiya da aka tufka da karan hatsi, suggane da harshensu, ana ɗaure bakin kowace igiya a jikin wasu duwatsu da magini ya bari sun leƙo daga saman bango. Ba don wannan ɗauri ba, dare ɗaya na hunturu ya isa ya kwashe rufin ya kai teku. Ciki kashi biyu ne. Babban ɗaki shi ne madafa, shi ne zaure, nan murhu yake a ƙasa, buɗaɗɗe, wanda suke kira chiollagh, da tukunyar ƙarfe rataye a sarƙa. Makamashinsu busasshiyar ƙasar fadama ce da ake yankowa kamar tubali, sai ƙirare na ƙayar daji. Ɗayan ɓangaren na kwana ne, a samansa akwai ɗan katako da yara ke hawa da tsani su kwanta. Warin hayaƙin wannan ƙasar fadama yana kama tufafi, kuma shi ne abin da na fara tunawa duk lokacin da aka ambaci ƙauyen.

Ɗakin da aka fi ɗauka a hoto na wani masunci ne kuma manomi mai suna Harry Kelly, wanda ya rasu a tsakiyar shekarun 1930. Danginsa suka ba da ɗakin ga gidan tarihi na tsibirin, wanda William Cubbon ke shugabanta a lokacin, aka buɗe shi ga jama'a a 1938 da kayansa a ciki yadda ya bar su. Daga nan aka riƙa ƙara wasu gine-gine: ɗakin masaƙi, maƙera, shagon kafinta, da gona inda ake kiwon tumakin ƙasar masu gashi ruwan ƙasa da ƙaho huɗu, waɗanda ake kira loaghtan. Yau hukumar kula da kayan tarihi ta tsibirin ce ke riƙe da wannan ɓangare. Amma har gobe akwai mutanen da ke zaune a gidajensu a cikin ƙauyen, kuma ƙaramar majami'ar St Peter da aka gina a 1878 tana nan. Abu ɗaya zan ja hankalinki a kai: akwai gidaje masu bene da rufin fale-falen dutse a Cregneash, su ma tsofaffi ne, masu ɗaukar hoto ne kawai ke juya musu baya. Wanda ya sami kuɗi a wancan zamani, abin da ya fara yi shi ne ya rabu da jinka.

To da me suke rayuwa? Gonar mutum ɗaya ba ta isa ta ciyar da gida ba, ƙasar duwatsu ce. Saboda haka kusan kowane magidanci ƙafarsa ɗaya a gona take, ɗaya a jirgi. Daga shekarun 1860, jiragen tsibirin suka soma tashi a watan Maris zuwa Kinsale a kudancin Ailan don kamun kifin nan da muke saye a kasuwa da sunan taitus. Sai wajen Yuni su dawo, su shiga kamun herin, wanda mu muka sani da shawa, a ruwan gida har kaka, wasu ma su nausa arewa zuwa tsibiran Shetland. Jiragen masu tafiya da iska ne. Wanda ya fi suna shi ne nickey, da suka kwaikwayo daga masuntan Cornwall ta kudu maso yammacin Ingila saboda saurinsa, daga baya aka sami ƙaninsa nobby. Ba albashi ake biya ba, rabo ake yi: kaso na jirgi, kaso na taru, kaso na ma'aikata. Idan kifi bai zo ba, kowa ya koma gida hannu rabbana. Ana ƙirga herin da wani ma'auni da suke kira mease, kifi 620.

Kin ga ke nan, fiye da rabin shekara mata ne ke riƙe da ƙauyen. Su ne shuka dankalin Turawa da sha'ir, su ne tatsar saniya, su ne kaɗi, su da yara ke ɗebo ciyawar teku a kai gona a matsayin taki. Idan kaka ta yi, kowane gida ya cika ganga da herin da gishiri, abincin hunturu ke nan. Dafaffen dankali da herin shi ne tuwon ƙasar, sai wani burodi da ake kira bonnag da matan gida ke gasawa. Matsayin wannan kifi a wurinsu ya wuce na abinci. Har yau alƙalan tsibirin, da ake kira Deemster, idan za su kama aiki suna rantsuwa cewa za su yi hukunci ba tare da karkata ba, kamar yadda ƙashin bayan herin yake zaune a tsakiyar jikinsa. Bishop Thomas Wilson, wanda ya riƙe majami'ar tsibirin daga 1698 zuwa 1755, ya ƙara roƙon albarkar teku a cikin addu'ar da ake yi a coci. Masuntan Man kuma an san su da rashin fita kamun kifi daren Asabar da daren Lahadi, ko da kuwa kifin ya cika ruwa.

Mutanen da rayuwarsu ke hannun teku ba sa rasa camfi. Babu wanda ke son jirginsa ya zama na uku wajen fita daga tashar ruwa a farkon kakar kamun kifi. Akwai dabbobin da ba a kiran sunansu a cikin jirgi. Ɓera dai har yanzu mutane da yawa a tsibirin ba sa furta sunansa, sai su ce mai dogon wutsiya. Daren shiga watan Mayu ana haɗa ɗan gicciye da reshen wata bishiya, a ɗaure da gashin tunkiya, ba a sa masa wuƙa, a rataya a bayan ƙofa don kariya. Crosh cuirn ke nan. Ina kawo miki waɗannan ne don ki ga girman tsoron da ke ƙarƙashin wannan zama, domin ga abin da ya taɓa faruwa a gaban idonsu.

Ranar 27 ga Disamba 1852, guguwa ta jefa wani jirgi mai suna Lily a kan Kitterland, ɗan dutsen da ke tsakiyar mashigin Sound. Daga Liverpool ya taso zai je Ambriz, a gaɓar Angola ta yau, ɗauke da yadi da barasa da bindigogi da albarushi mai yawa. Wasu daga cikin ma'aikatansa suka halaka, mutanen yankin suka ceto sauran. Washegari da safe mutum 30, yawancinsu 'yan Port St Mary, suka hau jirgin don fitar da kaya. Albarushin ya kama. Mutum 29 suka mutu nan take, ɗaya kaɗai ya tsira. An ji ƙarar har Douglas, babban garin tsibirin. Mata sama da 20 suka rasa mazajensu a safiya ɗaya, yara sama da 70 suka zama marayu, a garin da kowa ya san kowa. Shekara shida bayan haka, a 1858, mutanen wannan yanki suka sake shiga wannan mugun ruwa don ceto ma'aikatan wani jirgin Faransa, kuma akwai gicciyen tunawa da wannan a bakin mashigin. Duk wanda zai yi miki maganar daɗin zamanin da a wannan gaɓa, ya kamata wannan labari ya kasance a zuciyarki kina saurarensa.

Ba teku kaɗai ke cin mutane ba, hijira ma ta ci. Tun shekarun 1820 iyalai suka riƙa barin tsibirin zuwa jihar Ohio ta Amurka, musamman wajen Cleveland. Daga baya, da kamun herin ya ja baya a ƙarshen ƙarni na 19, jiragen tururi na wasu ƙasashe kuma suka fi ƙarfin jiragen iska, samari suka watsu zuwa Ingila, Ostireliya da ma'adinan Afirka ta Kudu. Gidan da aka bari, jinka ta ruɓe, bango ya tsaya, suna da kalma ta musamman a kansa: tholtan. Kufai ke nan. Idan kina yawo a tuddan tsibirin za ki yi ta cin karo da su.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa Cregneash ta yi suna fiye da sauran ƙauyuka, wato harshe. Manks ɗan'uwan harshen Ailan ne da na tuddan Sikotlan. A ƙarni na 19 ya riƙa ja da baya da sauri. A ƙidayar 1901 mutum 4,419 ne suka ce suna jin sa. A 1961 sun koma 165. Ba a kafa wata doka da ta hana shi ba. Makaranta da Turanci ake yi, aikin jirgin kasuwanci da Turanci, baƙi masu kuɗi da Turanci, har ta kai akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye, cewa da Manks ba a samun ko kwabo. Iyaye da kansu suka daina yi wa 'ya'yansu, suka mayar da shi harshen da ake yin sirri da shi don kada yara su ji. Cregneash, saboda tana can ƙarshen hanya, ta fi kowa daɗewa da shi.

Mutum uku na wannan ƙauye sun cancanci ki san su. Na farko Edward Faragher, wanda aka haifa a 1831. A ƙauye ba wanda ke kiransa haka, Ned Beg Hom Ruy suke ce masa, wato ƙaramin Ned ɗan Tom ja, domin sunayen dangi kaɗan ne a wurin, sai da laƙabin uba ake bambance mutum. Masunci ne da ke rubuta waƙoƙi, ya fassara tatsuniyoyin Aesop zuwa Manks aka buga a 1901, ya kuma rubuta wa wani Bajamushe mazaunin Manchester, Charles Roeder, labarai da al'adun ƙauyen masu yawa. Kusan duk abin da muka sani game da yadda mutanen Cregneash ke tunani a ƙarni na 19 ta hannunsa ya biyo. Shi kansa tun a lokacin kewa yake yi, yana ganin zamanin iyayensa yana kuɓucewa. Tsufa ya kai shi wurin ɗansa a Derbyshire, yankin haƙar kwal a tsakiyar Ingila, can ya rasu a 1908, nesa da teku.

Na biyu shi ne Harry Kelly mai ɗakin nan. Wani farfesa daga Norwe, Carl Marstrander, ya zo tsibirin a 1929, 1930 da 1933 yana neman masu harshen, ya zauna da shi ya rubuta maganarsa, ya kuma ɗauki muryarsa a na'urar wancan zamani mai aiki da kaki. Baƙo daga ƙasar waje ne ya nuna wa mutanen gari darajar abin da ke bakin tsohon nan.

Na uku, wanda duniya ta fi sani, Ned Maddrell. An haife shi a 1877 kusa da Cregneash, ya tashi a hannun wata kakarsa da ba ta jin Turanci, ya shiga aikin jirgi tun yana yaro. Ya taɓa ba da labarin cewa a ƙuruciyarsa wanda ba ya jin Manks a ƙauyen kamar kurma yake, amma da ya fita sauran garuruwa sai ya zama abin kunya. A 1947 shugaban gwamnatin Ailan, Éamon de Valera, ya kawo ziyara tsibirin, aka haɗa shi da Maddrell, ɗaya na magana da harshen Ailan, ɗaya na amsawa da Manks. Da De Valera ya ji cewa babu na'urar ɗaukar muryar tsofaffin da suka rage, sai ya sa hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasarsa ta aiko da Kevin Danaher da motar ɗaukar murya a 1948. Waɗannan faya-fayai suna nan. Na saurare su sau da yawa, kuma abin da ke taɓa ni a ciki shi ne yadda tsofaffin ke tuntuɓe da harshensu na uwa, suna laluben kalma, saboda shekaru sun wuce ba su sami abokin hira ba. Maddrell ya rasu ranar 27 ga Disamba 1974 yana da shekara 97, shi ne na ƙarshe da ya tashi da harshen tun daga goyo.

Sai dai ga wani abu da masu karanta irin waɗannan labarai daga nesa ke mantawa. Babu mai rai a yau da ya ga jiragen nickey suna tashi zuwa Kinsale. Wancan zamani ya zo wa mutanen yanzu ne ta bakin kakanni da ta gidan tarihi. Abin da tsoho ɗan shekara 80 a Port St Mary ko Port Erin, garin bakin teku da ke maƙwabtaka da shi, ya gani da idonsa wani zamani ne dabam, zamanin baƙi. A 1874 jirgin ƙasa ya iso Port Erin daga Douglas. Ma'aikatan masaƙun Lancashire ta arewa maso yammacin Ingila, waɗanda ake rufe wa masana'anta mako guda a shekara, suka mayar da tsibirin wurin hutunsu. A 1913 baƙin da suka shigo sun haura 600,000. Aka jera manyan gidajen saukar baƙi a saman gaɓar Port Erin, suna fuskantar yashi da dutsen Bradda, inda hasumiyar Milner ke tsaye tun 1871. 'Ya'yan masunta suka koma masu ɗaukar baƙi yawo a kwale-kwale, matansu masu dafa wa baƙi abinci, iyali su koma ɗakin baya su bar wa baƙi gadajensu har Satumba. Wannan ciniki shi ne ya kawo kuɗi, shi ne kuma ya ƙarasa harshen. Idan kin ji ɗan yankin yana begen da, sau da yawa wannan yake nufi: yashi cike da mutane, kiɗa da dare, yaro ya sami sulalla da ɗaukar jakunkuna daga tasha.

A tsakiyar wannan zamani yaƙin duniya na biyu ya faɗo. A ƙarshen Mayu 1940 aka zagaye Port Erin da Port St Mary da waya mai ƙaya, aka mayar da garuruwan biyu sansanin tsare mata 'yan asalin Jamus da Ostiriya da ke zaune a Birtaniya, sama da 3,000. Da yawansu Yahudawa ne da suka gudo daga Hitler, aka haɗa su gida ɗaya da wasu masu goyon bayansa. A gidajen saukar baƙin aka ajiye su, masu gidajen na ciki tare da su, 'yan gari kuma sai da takarda suke shiga da fita garinsu. Waɗanda suke yara a lokacin sun riƙe wannan a ransu sosai.

Bayan yaƙi baƙi sun dawo na ɗan lokaci. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 jirgin sama ya yi araha, ma'aikacin Ingila ya gane zai iya zuwa Sifaniya inda rana ba ta saɓa alkawari, sai cinikin ya mutu a hankali. An rushe otal-otal da yawa an gina gidajen haya da na sayarwa. Tashar binciken halittun teku da aka kafa a Port Erin a 1892 ta rufe a 2006. Tsibirin ya koma dogaro da harkar banki da inshora saboda sauƙin haraji, mutane suka shigo daga ƙetare, gidaje suka yi tsada. Yau kusan rabin mazauna tsibirin ba a can aka haife su ba. Masunta kaɗan da suka rage a kudu sun koma kan kaguwa da wasu halittu masu ɓawo da ake yaɓowa daga ƙasan teku.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A kan mutanen nan, ni ban ga karin maganar ta zauna daidai ba. Sun fi kakanninsu wadata nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ke son komawa ɗaki mai daɓen ƙasa da ɗebo ruwa a rijiya cikin sanyi ba. Idan kika saurara da kyau, abin da ke maimaituwa a hirarsu sanayya ce. Suna tuna lokacin da kowace gona, kowane dutse a bakin ruwa yake da suna, kuma akwai wanda ya san ma'anar sunan. Suna tuna shiga gidan maƙwabci ba sallama mai tsawo, a zauna a yi skeet, wato jin labarin gari. Suna da wata magana, traa dy liooar, ma'ana akwai isasshen lokaci, wadda yau ake bugawa a jikin kofuna ana sayar wa baƙi, amma a da hali ne na mutanen da ruwa da iska ke yanke musu lokacin aiki. Akwai kuma wani ciwo da ba kowa ke faɗa ba, na wanda ya san kakarsa na da harshe ta hana shi don tana son shi da arziki. A ganina wannan kewa hujja ce ta tarihi, tana gaya mana abin da ƙidaya ba ta iya ƙirgawa. Amma ba na karɓarta ita kaɗai. Ina ajiye ta gefe ɗaya da sunayen da ke kan kaburbura da yawan kufan da ke kan tudu.

Haka nake yi da labaran baka ma. Za a nuna miki wani gagarumin dutse kusa da ƙauyen mai suna Spanish Head, a ce jirgin yaƙin Sifaniya ya farfashe a wurin a 1588, har wasu su ƙara da cewa daga cikinsa kyanwar tsibirin marar wutsiya ta fito. Babu shaidar wannan jirgi, rashin wutsiyar kuma gado ne da ya yaɗu saboda tsibiri rufaffen wuri ne. Labarin yana da daɗin ji, kuma yana nuna miki yadda mutanen gaɓa ke sa ran komai, alheri ko sharri, daga teku zai fito.

Kada ki ɗauka harshen ya tafi da Ned Maddrell. Tun yana raye wasu samari, irin su Doug Fargher, Walter Clarke da Leslie Quirk, suka riƙa bin tsofaffin gida-gida suna koyo daga bakinsu, bayansu Brian Stowell ya ɗauki aikin koyarwa. A 2001 aka fara makarantar firamare da ake koyar da komai da Manks, Bunscoill Ghaelgagh, wadda ke St John's. Da hukumar UNESCO ta sa harshen cikin matattu a 2009, yaran makarantar suka rubuta mata wasiƙu da harshen da aka ce ya mutu, aka gyara matsayinsa. A ƙidayar 2021 mutum sama da 2,000 suka ce suna iya magana, karatu ko rubutu da shi. Lafazin yaran ba irin na faya-fayan 1948 ba ne sak, wasu dattawa na ƙorafi a kan haka, ni kuwa ina ganin harshen da yara ke faɗa da shi a filin wasa ya fi wanda aka adana tsaf a akwati.

Idan Allah ya sa kin je, ki shiga tsohon jirgin ƙasa mai tururi daga Douglas, har yanzu yana aiki a watannin ɗumi, ki sauka a Port St Mary. Ki bi hanyar ƙafa ta bakin teku, Raad ny Foillan, hanyar tsuntsun teku ke nan da harshensu. Za ta kai ki Chasms, inda dutse ya tsattsage ramuka masu zurfi. Ki kula da ƙafarki sosai a nan, musamman idan akwai hazo. Daga can Cregneash ba nisa. A bayan ƙauyen, a kan tudun Meayll, akwai da'irar kaburburan dutse da suka haura shekara 5,000, kusa da su kuma ragowar ginin na'urar hango jiragen sama na yaƙin duniya na biyu. Ki gangara Sound ki zauna ki dubi Kitterland, ki ga ƙanƙantar wurin da ya cinye mutum 29. A tsallake, a kan Calf, akwai hasumiyoyin fitila biyu da Robert Stevenson ya gina a 1818, akwai kuma wani tsuntsun teku da ke ɗauke da sunan tsibirin, mai yin hunturu a gaɓar Amurka ta Kudu ya dawo ya yi ƙwai a rami, ba ya sauka ƙasa sai da dare. Ɓerayen da suka tsira daga wani jirgi da ya nutse sun kusa ƙarar da shi a wurin. Tun 2012 aka duƙufa kawar da su, tsuntsun kuma yana ƙaruwa.

Kafin ki koma tasha, ki ratsa ta maƙabartar majami'ar Kirk Christ Rushen, tsakanin garuruwan biyu. Dutsen tunawa da mutanen Lily yana nan da sunayensu. Ki zagaya sauran kaburburan ki karanta sunayen dangi, Kelly, Karran, Cregeen, Qualtrough. Wannan sautin k da suke farawa da shi ragowar kalmar mac ce, wato ɗan wane. Za ki sake ganin waɗannan sunaye a ƙofofin shaguna da jikin motocin magina idan kin shiga Port Erin.